Daga gwajin sikila zuwa tarihin ƙaura: abin da aikin jini ya koya mini

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwajin jini a arewa ya san farar takardar nan siririya da ake ɗiga wa jini a jere, a saka ta a ruwan magani, a kunna mata lantarki. Kafin rabin awa jinin kowa ya rabu ya zama jajayen layuka, kowane nau'in sinadarin jan jini da inda yake tsayawa. Na A ya fi sauri, shi ke kan gaba. Na S yana tsakiya. Na C kuwa nawa gare shi, can baya ake tarar da shi. Layi ɗaya a gaba, AA ke nan, ka rubuta ka wuce. Layi biyu, AS. In kuwa ka ga ɗaya mai kauri a tsakiya, wato SS, sikila ke nan, a jinin yaro ɗan shekara biyu, to ka san irin dararen da uwarsa za ta riƙa kwana a asibiti. Da wannan aiki na fara. Tun da gwajin kafin aure ya zama ruwan dare, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, ba a rasa samari da 'yan mata a bakin taga suna jiran takarda, kowa zuciyarsa na dukan uku-uku.

Wani lissafi ne ya riƙa damuna a lokacin. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara. Kafin zuwan magungunan zamani yawancin irin waɗannan yara ba sa kai wa aure, balle haihuwa. To abin da ke kashe mai shi tun yana ƙarami, ta yaya ya yawaita haka maimakon ya ƙare? Amsar tana cikin littafin aji tun 1954, lokacin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Sauro ne ya riƙe S a cikinmu. Sai da na koma karatu, na shiga fannin nazarin ƙwayoyin gado na al'ummomi, na gane cewa jan layin da nake karantawa kullum yana ɗauke da labarin tafiye-tafiyen da ba wani marubucin tarihi da ya riske su.

Sikila sauyin harafi ɗaya ce tak cikin haruffa kimanin biliyan 3 na DNA ɗin mutum, a kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da DNA ke naɗe a ciki. Sai dai harafin ba ya tafiya shi kaɗai, maƙwabtansa na dama da hagu suna raka shi daga iyaye zuwa 'ya'ya. Da aka duba maƙwabtan sai aka ga iri biyar ne, aka laƙaba musu sunayen wurare: na Senegal, na Benin, na Kamaru, na Bantu, da na Larabawa da Indiya. Yawancin masu sikila a Najeriya na Benin gare su. Shi ɗin dai za ka tarar a Aljeriya da Tunisiya, a tsibirin Sisili, a Girka da Turkiyya, kuma ba iska ce ta kai shi ba, mutane ne suka ratsa hamada da teku da shi a jikinsu. A Birazil na Bantu ya fi yawa, saboda daga Angola da Kongo aka fi kwasar bayi zuwa can. Amma a jihar Bahia na Benin yana da ƙarfi sosai, kuma Bahia ce aka kai Yarbawa da Hausawa masu yawa, inda bayi musulmi suka yi tawaye a 1835.

An daɗe ana ɗauka cewa iri biyar na nufin sauyin ya faru sau da yawa a wurare daban-daban. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, shi Rotimi ɗan Najeriya ne mai aiki a Amurka, suka bi diddigin DNA ɗin mutane kusan 3,000, suka ce sau ɗaya ne, a jikin mutum ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce. Akwai masu ganin ya fi haka daɗewa nesa ba kusa ba, gardamar ba ta mutu ba. Amma shekarar da suka bayar ce ta ja hankalina, domin a wancan zamani Sahara ba hamada ba ce.

Wannan shi ne abin da na fi shan wahalar cusa wa ɗalibai yanzu, saboda ido ya saba da taswira mai faffaɗan rawaya a tsakiya. Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ciyawa ce da tafkuna da koguna. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, ya fi kashi ɗaya bisa uku na Najeriyar yau. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, a ƙarƙashin ƙasa, da aka auna sai ga shi ya kai shekara 8,000. A Gobero, cikin Tenere ta Nijar, Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin farko a 2000, ya tarar da maƙabarta mai kaburbura kusan 200, ga masu na kamun kifi da aka sassaƙa da ƙashi, ga ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, a wurin da yau ba ɗigon ruwa. A Dabus, arewa da Agadas, raƙuman dawa ne sassaƙe a jikin dutse. Inda ruwa yake kwance akwai sauro, inda kiwo yake akwai mutane. Da ƙasar ta fara bushewa waɗannan mutane ba ɓacewa suka yi ba. Wasu sun nufi Nilu, wasu arewa, wasu kuwa suka gangaro kudu, zuwa inda muke zaune.

A ajin farko aka nuna mana wani zane da har yanzu nake amfani da shi. An auna yawan bambancin ƙwayoyin gado a cikin al'ummomi daban-daban na duniya, aka jera su gwargwadon nisansu daga Adis Ababa in da ƙafa za a bi. Layin yana gangarowa ne tiryan-tiryan: Afirka a sama, sai Gabas ta Tsakiya, Turai, Asiya, can ƙasa kuma mutanen asali na Kudancin Amurka. Dalilin kamar na manomi ne da zai yi ƙaura, ya ɗebi tafi ɗaya na iri daga rumbun gidansu. Ba duk kalar dawar da ke rumbun za ta shiga tafinsa ba. Ɗansa kuma in zai ƙara gaba, daga ɗan abin da uban ya shuka zai ɗiba. Ɗan Adam ya daɗe ƙwarai a Afirka, ƙasusuwan Jabal Irhud a Maroko sun kai shekara 300,000, sannan wani ɗan rukuni ya fita tsakanin shekara 50,000 da 70,000 da suka wuce, daga shi sauran duniya ta cika. Rumbun yana nan.

Abin da wannan ke nufi ya fi ƙarfin yadda ake ɗauka. Mutum biyu daga sassa biyu na Afirka suna iya fin bambanta da juna a DNA fiye da Bature da ɗan Sin. Ke nan kasa mutane da launin fata, a ce wai baƙar fata jinsi ɗaya ne, ba ya tsayawa a gaban awo. Tun 1972 Richard Lewontin ya lissafa cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin 'yan Adam a cikin kowace al'umma yake, tsakanin mutum da maƙwabcinsa, abin da ya rage ne ke raba al'umma da al'umma. Kuma fitar ba tafiyar da ba dawowa ba ce. Waɗanda suka fita sun yi auratayya da mutanen Niyandatal, wani tsohon nau'in mutane da ya ɓace, shi ya sa Turawa da 'yan Asiya ke da kashi 1 zuwa 2 na DNA ɗinsu, aikin da ya jawo wa Svante Pääbo kyautar Nobel a 2022. A 2020 aka nuna cewa 'yan Afirka ma suna da ɗan kaɗan, kimanin kashi 0.3, kuma mafi yawansa masu dawowa gida ne suka shigo da shi.

A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Kuromosom Y daga uba yake zuwa ɗa namiji, ba ya gauraya da na uwa, don haka ana bin sa kamar salsala. Akwai wani reshensa da ake kira R1b, wanda ya cika yammacin Turai. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka bayyana wani reshe na R1b ɗin, V88, da ya taru a kewayen Tafkin Chadi, musamman cikin masu harsunan da ke dangi da Hausa. A wasu ƙananan ƙabilun duwatsun Mandara a arewacin Kamaru ya haura kashi 90 na maza. An same shi a cikin Hausawa da Fulani ma.

Na taɓa ba wani kawuna wannan labari. Mutum ne mai son tarihi, ya haddace Hausa Bakwai da magajiyoyin Daura. Ban rufe baki ba ya buga cinya.

"To ai shi ke nan, ɗan nan! Ga Bayajidda nan kun gano da na'urarku. Da ma ku 'yan boko ba ku yarda da magana sai Bature ya sa mata hannu."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, lissafin bai haɗu ba. Zuwan Bayajidda, in an ja shi da nisa, bai wuce shekara dubu da 'yan kai ba. Wannan alama kuwa ta fi shekara dubu biyar a wannan yanki, tun ba a gina Bagadaza ba. Kuma ba ita ce ta yawaita a Iraƙi ba."

Ya yi shiru, ya ce, "To su wane ne suka kawo ta?"

Na ce mai yiwuwa makiyaya ne na zamanin da Sahara ke da ciyawa, amma ba su bar suna ba.

Ya ce, "Wanda bai bar suna ba ai ba a yi masa kirari."

Gaskiyarsa, kuma a nan aikin labarin gargajiya ya bambanta da aikin ɗakin gwaji. Barebari suna kai asalin sarautarsu Yaman, Yarbawa suna da labarin Makka, Fulani na Uƙuba ɗan Nafi'u, mu na Bagadaza. Waɗannan labarai suna bayani ne a kan sarauta da addini da wa ya cancanci ya riƙe gari, ban ga dalilin yi musu dariya ba. Amma kiran DNA ya zo ya ba su shaida zalunci ne ga duka biyun. Ƙasusuwa mafi tsufa da aka samu da dangin V88 suna Sabiya da Yukiren, sai daga baya Sifen da Sardiniya, kuma har yau masana suna jayayya a kan ta ina ya shigo Afirka, ta Bahar Rum ko ta gabas. Akwai kuma abin da nake tsoro fiye da kuskuren Kawu. Turawan mulkin mallaka sun zo da ra'ayin cewa duk wata wayewa da aka gani a Afirka wasu fararen baƙi ne suka kawo ta daga waje. Wannan ra'ayi bai mutu ba, ya sauya riga ne, yanzu da haruffa da lambobi yake yawo a Facebook, wani ya ga R1b a sakamakon gwajinsa ya tashi yana cewa su ba baƙar fata ba ne.

Ga lissafin da nake yi wa irin waɗannan. Kana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In ka hau hawa goma kana da gurabe 1,024. Kuromosom Y labarin gurbi ɗaya yake ba ka a cikinsu, na uban uban uba. DNA ɗin mitokondiriya, wanda ake gada ta wajen uwa, ya ba ka wani ɗayan. Saura 1,022 fa? In ka hau hawa talatin guraben sun haura biliyan ɗaya, sun fi yawan mutanen duniya na wancan lokaci, wato mutum ɗaya yana cike gurabe da yawa, dangi suna ta auren dangi ba su sani ba. Mutumin Mandara mai V88, in ka duba sauran DNA ɗinsa, kusan duka irin na maƙwabtansa ne na yankin Chadi.

Sai maganar yawan waɗanda aka auna. Adadin da ake yawan kawowa, cewa kashi 40 na Hausawa suna da wannan alama, ya fito ne daga wani nazari na 2008 a Sudan, a kan maza 32. Hausawan Sudan kuwa jikokin mahajjata ne da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Aikin ba shi da laifi, abin da suka samu suka faɗa. Laifin na wanda ya ɗauki mutum 32 ya ɗora wa al'umma mai miliyoyi ne. Tun daga nan, kowace takarda ta zo hannuna, kafin in karanta sakamako sai na duba mutum nawa ne, a wane gari aka ɗebi jinin, wa ya ce musu su ƙabila kaza ne.

Akwai wani hoto da ya fi kowane yaudarar ido a wannan fanni, mai tsayayyun sanduna masu launi-launi, kowace sanda mutum ɗaya, kowane launi wai tsatso ɗaya. Malamin da ya duba aikina ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya ce in sa lamba 2, wato yawan rukunin da manhajar za ta kasa mutane. Duniya ta rabu biyu, Afirka da sauran. Ya ce in sa 3, wani launi ya ɓullo. Muka yi ta hawa, kowane hawa sandunan suna sake rabuwa, mutumin da ɗazu ja ne zalla yanzu rabinsa kore. Ya ce, "Ka gani? Ita ba ta san ƙabila ba. In ka ce mata huɗu, huɗu za ta ba ka." A babban nazarin Sarah Tishkoff na 2009, wanda ya haɗa al'ummomin Afirka 121, an tsaya a 14, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne kusan babu al'ummar da launinta ɗaya ne.

Hausa harshe ne na dangin Chadi, 'yar'uwar Bolanci da Ngizim da Angas da Margi, kuma can nesa tana haɗa kaka da Larabci da Buzanci da Amharanci da harshen Misira ta dā. Wanda ya tsaya a nan zai zaci jinin Bahaushe ma can ya nufa. Amma Hausawan da aka auna sun fi kusa da maƙwabtansu na yammacin Afirka, har da Yarbawa, fiye da yadda dangantakar harshe za ta sa a yi zato. Harshe ya biyo hanyarsa, jini ya biyo hanyoyi da yawa. Fulani ma haka. Sauyin da ke ba babba ikon narkar da ɗanyar madara iri-iri ne a duniya: makiyayan Kenya da Tanzaniya da nasu, masu raƙuman Larabawa da nasu, na Fulani kuwa irin na Turai ne, ya biyo ta arewacin Afirka. Duk da haka mafi yawan DNA ɗin Bafulatani na yammacin Afirka ne. Wanda ba shi da sauyin kuma bai rasa fura da nono ba, don tsamin nono ya riga ya rage sukarin da ke murɗa ciki.

Ƙasusuwan dā sun zo sun ƙara rikita labaran da muka ɗauka sun zauna. A Shum Laka kusa da Bamenda, yankin da ake ganin daga nan masu harsunan Bantu suka bazu, an karanta DNA ɗin yara huɗu a 2020, biyu na shekara 8,000, biyu na 3,000. Ba su yi kama da Bantun yau ba, sun fi kusa da mafarautan dajin tsakiyar Afirka. A 2025 aka fitar da na wasu mata biyu makiyaya daga Takarkori a kudu maso yammacin Libiya, masu shekara 7,000. An zaci za a ga gaurayen kudu da arewa, tunda a tsakiyar koriyar Sahara suka rayu. Sai ga su wani tsohon tsatso ne na arewacin Afirka da ya daɗe a ware, kuma alamu sun nuna kiwon ma koyonsa suka yi, ba wasu baƙi ne suka zo suka maye gurbinsu ba. Wato ciyawar ba ta mayar da Sahara duka hanya ɗaya buɗaɗɗiya ba. A 2015 kuma an yi shelar cewa ƙashin wani mutumin dā da aka samu a kogon Mota na Habasha ya nuna jinin masu dawowa daga waje ya game Afirka har cikin Yarbawa da kaso mai yawa. Ba a daɗe ba aka gano tangarɗa ce a haɗa manhajoji biyu, masu binciken suka fito suka gyara. Jaridun da suka buga na farkon ba duka suka buga gyaran ba.

Babbar matsalarmu dai ƙarancin bayanai ce. Wani lissafi na 2016 ya nuna kusan kashi 80 na mutanen da ke cikin manyan nazarce-nazarcen ƙwayoyin gado 'yan asalin Turai ne. A wani babban shirin duniya na karanta DNA ɗin mutum dubu, Yarbawan Ibadan da Esan na Edo ne suka wakilci Najeriya, ba kowa daga arewa. Da H3Africa, shirin nazarin ƙwayoyin gado na Afirka, ya auna mutum 426 kacal daga ƙasashe 13 a 2020, sai da aka samu sababbin sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba, kuma aka ga alamar tsatson gabashin Afirka a cikin Birom na Filato. Wannan ba maganar tarihi kaɗai ba ce, da irin waɗannan bayanai ake auna yadda magani zai karɓi jiki.

Ɗibar jini a nan kuwa ba wasa ba ce. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, kuma suna da hujja. Bayani yakan ci lokaci fiye da ɗibar kanta: ina za a kai jinin, wa zai gani, me zai dawo wa mai shi. Sannan ga takardar cikewa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ɗauki wanda kakanninsa huɗu duk ƙabila ɗaya ne, wuri ɗaya. Gwada wannan a birnin da ke da unguwannin Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi da Dandalin Turawa. Ka tambayi mutum ƙabilarsa ya ce Bahaushe, ba ko tantama. Ka tambayi kakanni, sai ka ji ta wajen uwa Buzuwa ce, na wajen uba Babarbare ne da fatauci ya kawo, ɗayar kuma ba a cika son a faɗi daga inda aka kawo ta ba. In ka bi ƙa'idar ka cire shi, ka cire Bakano na ainihi ka bar wanda ba shi ne yawanci ba. A ƙaramin aikin da muka yi sai muka bar gurbin ƙabila yadda mutum ya faɗa, muka ƙara gurabe huɗu a ƙasa, kowane kaka da garin haihuwarsa da harshen da yake yi a gida. Tsofaffin mata ne suka fi cika mana su, don haka muka koma roƙon mai ba da jini ya tambayo gyatumarsa kafin ya dawo da takardar.